Takalman da Na Ɗinka wa Inna

Ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, ko sau ɗaya. Ni ne ɗanta na fari, kuma a wajen mutanenmu na Gubi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama hira da shi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kawuna, wani baduku a cikin birni wajen Ƙofar Ran. A hannunsa na tashi, a hannunsa na koyi yankan fata da riƙon basilla, babbar allurar dukanci. In Inna za ta yi maganata sai ta ce "wancan", ran da ranta ya yi fari kuwa ta ce "mai rumfar nan". Yaran yanzu in na ba su labari sai su yi ta dariya, wai wace irin uwa ce wannan. Ku yi dariyarku. Ni dai na san abin da na sani.

A shekarun da nake magana, lokacin da ake ta raɗe-raɗin Turawa za su tattara su tafi, kawu ya riga ya rasu, rumfar ta zama tawa. Na yi aure, matar ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Ƙanwata ɗaya tilo aure ya kai ta nesa. Sai ya zamana ni kaɗai ne a ɗaki, ni kaɗai a rumfa, in sayi masa da safe, in sayi tuwo da yamma, in ci ina kallon bango. Ga ni da baƙar zuciya, ba na ɓoyewa, abu kaɗan sai in hau mutum da faɗa, don haka abokai ba su yi mini yawa ba. In aka ce babu mai tambayar ko na ci ko ban ci ba a garin nan, ba a yi ƙarya ba. Sai dai ranar Juma'a.

Kowace Juma'a Inna takan taso daga Gubi da sassafe, ƙwaryar daddawa a ka, ƙafa ba takalmi. Ta ratso gonaki, ta bi ta Fadaman Mada, lokacin nan ba gidaje, rake ne da lambuna, ta shigo ta Ƙofar Ran da hantsi. Hanyar kasuwa ba ta gaban rumfata ta bi ba, sai mutum ya yi kwana da gangan. Ita kuwa kullum sai ta yi kwanan.

Ba ta shiga rumfata. Kusa da ni akwai wani tsoho mai ɗinkin huluna, Baba maɗinki muke ce masa, yana da dakali a ƙofarsa. Nan take sauke kaya ta zauna, ta ba ni baya. In fito in durƙusa in ce, "Inna, sannu da hanya." Ta amsa wa iska, "Lafiya lau." Shi ke nan tsakanina da ita. Sauran zancen duk da Baba maɗinki ake yi, ni ina daga ciki ina ɗinki, kunnena yana waje.

"Malam," in ji ta, "na ga kamar mai rumfar nan ya rame."

Baba maɗinki ya ɗaga murya, kamar ina bayan gari: "An ce ka rame!"

In ce, "A ce mata aiki ne."

"To, a ce masa aiki ba ya hana cin abinci."

In za ta tashi sai ta ajiye ƙunshi a gefen dakalin, daddawa ce, ko gyaɗa, ko dakuwa, ta ce, "Wannan na manta shi nan." Ni kuma tun da safe na riga na sayi masa mai zafi na ba Baba maɗinki, shi zai miƙa mata a ce daga gidansa aka kawo. Ta san ƙarya ce, ya san ta sani. Haka muka yi shekaru. Wallahi kwana shida nake yi ina jiran wannan ɗan zaman da bai kai a dafa ruwan shayi ba.

Baduku ƙafa yake fara gani kafin fuska. Tun daga nesa nake gane tafiyar Inna, don haka ni na fara lura. Zuwanta lafiya lau, sai dai ɗan ɗingishin da ba kowa zai gani ba. Amma in ta zauna a dakali ta huta, ta zo miƙewa, takun farko sai ta cije leɓe ta dafa bango, ta ɗage dunduniyar dama, ta yi taku biyar ko shida a kan yatsu kamar mai sanɗar kaza. Kafin ta kai kwana ta warware, ta ci gaba da tafiya. Juma'a uku ina kallo. Ta huɗu na kasa haƙuri na ce wa Baba maɗinki ya tambaya.

"Ƙaya ce," in ji ta. "Na taka ban sani ba, ta karye a ciki. Da safe in na sauko da ƙafa daga gado, Malam, sai ka ce ƙusa aka kafa mini. In na yi 'yar tafiya sai ta kwanta. In na zauna ta sake tashi."

Na ce a ce mata ta bari a duba. Ta ce a ce wa wancan ya kula da fatunsa.

Ana nan sai wata Juma'a ta zo, hantsi ya yi, aka tafi masallaci aka dawo, shiru. Masar da na saya ta huce a hannun Baba maɗinki. Na ce ƙila ruwan sama ne, don damina ta sauka. Juma'a ta biyu shiru. Ta uku ko la'asar ban jira ba, na rufe rumfa na kama hanyar Gubi.

Tun rasuwar babana Inna tana zaune ne a gidan Baffa, ƙaninsa, ɗakinta yana can ƙurya kusa da turken akuyarta. Matar Baffa ce ta tare ni a zaure, tun kafin in zauna ta fara ba ni labari tana murna, wai an yi ƙoƙari. Sun kira wanzami. Ya sa aska ya tsaga dunduniyar yana neman ƙaya, bai samu ba. Bayan kwana biyar ya dawo ya ƙara zurfi, bai samu ba. Sai ya ce ai ƙayar ta nutse ta yi ruwa, aka sa ƙarfe a wuta aka yi mata sakiya. Ko ɗigon mugunya bai fito ba, jini kawai. Yanzu ga ciwon da ke nan bai tafi ba, ga miki a kansa, ko bayan gida sai da sanda.

Kai! Ban san sanda na miƙe ba. Na shiga tsakar gida ina ta zuba, na ce wa Baffa ko jaki ne za a haƙa masa ƙafa sau uku ba a tambayi mai shi ba? Na ce a nuna mini gidan wanzamin nan in tsaga tasa dunduniyar mu gani ko da ƙaya. Baffa dattijo ne, ya sunkuyar da kai kawai, har yau ina jin kunyar wannan. Sai na ji muryarta daga cikin ɗaki, a hankali, ba da ni take ba, da matar Baffa take:

"Ku ce wa baƙo ya rage murya. Nan gidan mutane ne."

Baƙo. Na san ba zagi ba ne, na san kunya ce, amma kalmar ta soke ni. Na durƙusa a ƙofar ɗakin na gaishe ta ta bayan asabari, ta amsa. Ban ga ƙafar ba. Na dawo birni ni kaɗai, tun daga Gubi har Fadaman Mada ina share ido da hannun riga, ina zagin wanzami don kada in yarda kuka nake yi.

Daga nan Juma'a ta zama rana kamar kowace rana, har ma ta fi sauran nauyi. Na daina sayen masa. Baba maɗinki yakan leƙo ya ce, "Yau ma shiru?" In ce, "Ka gan ta ne?" Ya koma bakin hularsa. Wani lokaci ina ɗinki sai in ga mace da ƙwarya ta ɓullo daga ƙofa, in ajiye basilla, sai ta wuce. Na tsani hantsin Juma'a a daminar nan.

Akwai wani malamin asibiti da ke kawo mini gyaran takalmi, Kirista ne daga ƙasar kudu wajen duwatsu, yana aiki a ɗakin ba da magani. Likita muke ce masa ko da yake kullum sai ya ce shi ba likita ba ne. Mutum ne mai fara'a har ta yi yawa, ni kuwa ba na son mai yawan fara'a, amma shi na ƙyale shi. Wata rana ya zo ya tarar na ɗinke wani takalmi a karkace ina farkewa ina tsaki. Ya ce, "Baduku, yau da wa ake faɗa?" Ban san abin da ya sa ba, na kwashe duka na gaya masa.

Ya daina dariya. Ya ce, "Mama naka, kafin a tsaga, wurin ya kumbura? Ya yi ja? Ya yi zafi in an taɓa?"

Na ce ban ji an ce ba.

"Ciwon ya fi tsanani takun farko da safe? In ta yi tafiya ya lafa, in ta zauna ta tashi ya dawo?"

Na ce, "Kai ka gan ta ne?"

Ya ce in miƙo ƙafata. Ya kama yatsuna ya tanƙwara su sama, ya ce in shafa tafin ƙafar. Na ji wata jijiya ta miƙe tsam, daga gindin yatsu har dunduniya, kamar tsirkiyar baka. Ya danna babban yatsansa daidai inda ta kama ƙashi, ta wajen ciki, ya ce, "Nan ne ƙayarta take." Ya karɓi guntun fata ya zana mini da bakin basilla. Wai shekara da shekaru mutum yana taka ƙasa mai tauri, ba takalmi, ga kaya a ka, jijiyar nan tana ta jan ƙashin dunduniya, tana ɗan yagewa tana warkewa, har ƙashin ya fito da ɗan tsini, irin wanda ke bayan ƙafar zakara. Ya ce ya taɓa gani a hoton ƙashi lokacin da yake koyon aiki. In mutum ya kwanta jijiyar sai ta tsuke, da safe yana takawa ta buɗe da ƙarfi, shi ne ƙusar da take ji.

"Ba daga waje ta shiga ba," in ji shi. "Ko shekara wanzami zai yi yana tono ba zai same ta ba."

Na ce to a fasa a cire tsinin mana.

Ya ce, "Ka ji ka, kai ma wanzamin ne. Ba a fasawa. Lallashinta ake yi." Ya lissafa mini: a fara warkar da mikin, a wanke da ruwan gishiri da aka tafasa, a sa aidin, a ɗaure da tsumma mai tsabta. In ya warke, kullum kafin ta sauko daga gado ta rataya gefen zane a yatsun ƙafar ta ja su wajenta, ta ƙirga a hankali, ta saki, ta sake. Da rana ta dafa bango, ta mai da ƙafar baya, dunduniya a ƙasa, har ta ji sha-raɓarta ta miƙe. In tana zaune ta riƙa murza tafin ƙafar a kan kwalba. In ta dawo daga tafiya ta tsoma ta a ruwan randa mai sanyi. Ta rage kaya, ta rage nisa. Babban abu kuma, kada ta ƙara taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida. Kuma ba kowane takalmi ba, mai taushi, mai ɗan tudu a baya, da ɗan rami daidai wurin ciwon don kada nauyi ya sauka a kansa.

Ya dube ni ya ce, "Wannan kuma ba aikina ba ne. Naka ne."

Shekara nawa ina yi wa duniya takalma, alƙalai, 'yan doka, fatake, uwata tana zuwa ƙofata ƙafa a ƙasa, ban taɓa ɗinka mata ko silifa ba. Na taɓa aikawa a tambaye ta sau ɗaya, ta ce me za ta yi da shi, ni kuma na bar zancen. Ranar na ji haushin kaina fiye da na wanzami.

Matsalar ita ce awo. Ramin nan in bai zo daidai ba, ba shi da amfani. Na koma Gubi da aidin da bandejin da likita ya ba ni, na roƙi matar Baffa ta awo mini ƙafar da zare. Ta shiga ta fito tana dariya. Wai Inna ta ce ƙafarta ba ta sayarwa ba ce, ta naɗe ta cikin zane. Na ce to ni zan shiga. Matar Baffa ta riƙe baki ta ce, "Rufa mana asiri! Ka taɓa ƙafarta? So kake ta bar garin?"

Sai da mikin ya rufe na sake zuwa. Na kwana a zauren Baffa, aka yi ruwa kafin gari ya waye. Da safe ina zaune na hango ta ta fito da sanda, ta je wajen randa, ta je turken akuya, ta koma ɗaki. Na bari ta saki asabari, sannan na lallaɓa na tsuguna a tsakar gida. Ga sawunta nan a laka, ɗanye. Na hagu cikakke, yatsu biyar a baje, dunduniya ta nutse. Na dama kuwa yatsu ne kawai da gefen ƙafa, inda dunduniya za ta zauna babu komai, laka sumul. Na daɗe ina kallon wurin nan. Ban taɓa sanin ƙafarta ƙarama ce haka ba, ba ta kai tsawon tafin hannuna da rabi ba. Na auna na hagu da tsinken kara, tsawo da faɗi, na zana a takarda, na ce in na juya shi zai ba ni na dama. Matar Baffa na roƙa ta danna mata dunduniyar wajen ɗaurin tsumma, ta gaya mini inda ta fi zabura.

Kwana tara na yi a kansu, na ture aikin mutane, wani ɗan doka har ya yi mini barazana na ce ya je ya kai ƙara. Ƙasan na yi da ƙirgi, fatar sa mai kauri, riɓi biyu. A dunduniya na ƙara riɓi uku, na fafe tsakiya da wuƙa kamar ana fafe ƙwarya, na cika da audugar rimi, na rufe da fatar akuya da na murza har ta yi laushi kamar kunnen ɗan maraƙi. Na sa maɗauri a baya don kada ƙafa ta riƙa zamewa. Sau biyu ina farkewa. A ƙarshe na yi musu 'yar kwalliya da jar fata a sama, abin da ba a sa ni ba. Likita ya zo ya danna da yatsa ya ce, "Baduku, da ni ke da ciwon da na warke."

Na kai su da kaina, da kwalba ɗaya wankakkiya. Matar Baffa ta tafi gona, ba wanda zan aika. Na ajiye a ƙofar ɗakin, na tsaya ina ta juyi. Sai akuyar ta ɗago tana kallona. Na ce to, ai ni ma ɗan Inna ne, na iya aika saƙo ta bakin wani. Na gyara murya na ce:

"Ke akuya, ki gaya wa mai ɗakin nan ba ƙaya ba ce. Ki ce kafin ta sauko da safe ta ja yatsunta da zane. Ki ce ta murza ƙafa a kan kwalbar nan. Ki ce kada ta ƙara taka ƙasa sai da waɗannan, ko wajenki za ta zo."

Can sai na ji wani ɗan sauti daga ciki, na rantse dariya ce ta danne. Ta ce, "Akuya ta ji."

Na dawo na ci gaba da jira. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Garin kuwa ya rikice da shirin karɓar mulki. Ana ta shafa farar ƙasa a bango, 'yan makaranta suna maci safe da yamma, mai rediyon unguwarmu ya fito da akwatinsa waje mutane sun yi masa zobe. Kowa yana cewa za mu samu 'yancin kai. Ni ban ƙi ba, Allah ya sani na yi murna daidai gwargwado, amma abin da nake so a lokacin bai wuce in ga ƙwarya ɗaya ta ɓullo daga Ƙofar Ran ba.

Ranar bikin Asabar ce. Tun da safe unguwa ta watse, kowa ya tafi fili, har Baba maɗinki da ke cewa gwiwarsa ba ta kai shi masallaci ya sa sabuwar hula ya bi su. Ya ce in zo, na ce ina da aiki. Ba ni da aikin komai. Na zauna a rumfa ina jin kiɗa daga nesa, kaji suna kiwo a tsakiyar hanya.

Rana ta take tsaka sai na hango mace ta shigo ta ƙofa, da sanda, tana tafe tana hutawa. Ban tashi ba, don an sha yaudarata. Sai ta yi kwanan.

Ita ce. Ashe mutanen gidan Baffa sun taho kallon biki tun asuba, ita kuma ta biyo bayansu a hankali, ba don bikin ba. Na miƙe. Sai idona ya sauka inda ya saba sauka. Ƙafa a ƙasa! Ƙura har idon sawu, dunduniyar dama a ɗage, tsumman da ke ɗaure a ƙafar ya yi baƙi. A kanta kuwa 'yar ƙwarya ce ba daddawa, a kan faifan ga takalman nan a ɗaure da tsumma fari, jar fatar tana leƙowa.

Haba! Raina ya ɓaci, na manta gaisuwa, na manta komai. Na ce, "Inna! Don kai na ɗinka su? Kan ne ke ciwo? Kwana tara na yi! Tun daga Gubi, a kan tsakuwa, da wannan ƙafar? Me na yi miki ne? Me kike so in yi?" Ban taɓa yi mata magana mai tsawon wannan ba tun da aka haife ni.

Ta zauna a dakali ta sauke ƙwaryar. Ta waiga ƙofar Baba maɗinki, a rufe. Ta duba hanya dama da hagu, ba kowa, ko yaro, ko akuya. Na ga bakinta yana motsi tana neman wanda za ta gaya wa. Ta kwance tsumman, ta ɗauki takalmi ɗaya ta share shi da gefen mayafi, alhali ba abin da ya taɓa shi. Sannan ta ce, idonta a kan takalmin:

"Kai ka yi su. Ya zan taka su a ƙasa?"

Kai. Ba wancan ba, ba mai rumfar nan ba. Duk faɗan da ke bakina ya tsaya. Na shiga na ɗebo ruwa a randa, na durƙusa, na kama ƙafar. Na ji ta ɗan janye, sannan ta saki. Ta juya fuska wajen ganuwa kamar ƙafar ta wani ce. Na wanke, na ga tabon aska biyu da na wuta, na ga kaushin shekaru. Na sa mata takalman na ɗaure. Ramin ya zo daidai, ko gyara ba ya so. Ta miƙe, ta taka a hankali, ta sake takawa, dunduniya har ƙasa. Da za ta tafi ta ajiye ƙunshin dakuwa a dakali ta ce ta manta shi nan. Na nemo mata mai jaki ya mai da ita.

Bayan haka ta dawo zuwan Juma'a, ko da yake ba kowace ba, kuma ƙwaryar ta ragu. Matar Baffa ta ce kwalba da jan zane kam ba ta fasawa, ciwon safe ya yi sauƙi ƙwarai. Kullum in ta ɓullo daga ƙofa takalman suna ƙafarta, jar fatar tana ƙyalli. In ta zauna ta ja zane ta rufe su. Ni kuwa sai hura hanci nake, ina gaya wa likita na warkar da uwata. Da na ce a karɓo su in duba ko suna son gyara, ta ce wa Baba maɗinki a ce wa wancan lafiyarsu ƙalau. Ta koma wancan ɗinta, ba ta ƙara ce mini kai ba, ni ma ban nema ba.

Damina uku aka yi a haka, a ta huɗu zazzaɓi ya ɗauke ta cikin kwana biyu. Bayan an yi addu'ar bakwai matar Baffa ta miƙo mini ƙunshin farin tsumma ta ce, "Ta ce a ba mai rumfa." Na kwance. Na juya su, don baduku ƙasan takalmi yake fara dubawa. Shekara uku, amma sawun wuƙata yana nan a jikin ƙirgin, gefen ko lanƙwasa bai yi ba. Ba su ci ƙasar da ta kai zuwa Gubi sau biyu ba.

Na dubi matar Baffa. Ta ce, "Ai a ka take ɗaukarsu. Sai ta iso gindin tsamiyar nan ta bakin ƙofa take zama ta share ƙafa ta sa. In ta fito ta cire. Ta ce kada a gaya maka, faɗa gare ka."

Daga tsamiyar zuwa rumfata na auna daga baya, ban san dalili ba. Ba ta kai tafiyar da mutum zai gama cin goro ɗaya ba. Na rufe rumfa ranar, na zauna a dakalin Baba maɗinki, a gefen da take zama, da takalman a cinyata. Ya fito ya gan ni, ya koma ciki.